Sikeli ya ƙi motsi: in ci gaba da motsa jikin nan ko in haƙura?

Abban Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba daɗin ji. Tun farkon shekara nake fita sassarfa da safe kafin in tafi aiki, saboda tumbi ya kai ni ga sai na riƙe numfashi kafin in ɗaure igiyar takalmi. Watanni sun shuɗe, amma duk sanda na hau sikeli sai in tarar da allura tana nan inda na bar ta. Kilo ɗaya ya sauka, ya sake hawa. Yanzu da ƙararrawa ta buga sai in kashe ta in gyara kwanciya. Wahalar banza nake yi ne? In kuma ba banza ba ce, ku da kuka daɗe a ciki, me ke tashinku daga gado ranar da jiki ya ce bai san zancen ba?

Ɗan Ƙarfe:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka ce a faɗa maka gaskiya, to ga ta: kasala ce kawai. Ni ba na shawara da jikina. Lokaci ya yi, na tashi, shi ke nan. Duk wanda ke jiran sai ya ji marmarin fita, zai tsufa yana jira. Sannan sassarfa kaɗai ba ta isa ba, ka zo ka ɗaga ƙarfe.

Maman Walid:
Kai Ɗan Ƙarfe, ka ji tsoron Allah. Mutum ya yi watanni yana tashi da duhu-duhu yana fita, ka ce masa mai kasala? Ai mai kasala ko sati ba ya kaiwa. Bawan Allah nan ya saka jari ne bai ga riba ba, shi ya sa gwiwarsa ta yi sanyi. Kai da ba ka da mata ba ka da yara, daga aiki sai gidan ƙarfe, dole magana ta yi maka arha.

Anti Nas:
Abban Hanan, bari mu fara da lissafin da babu mai son ji. Tafiya da sauri ta rabin awa tana ƙona wajen kalori 150 (ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci) a jikin mutum matsakaici. Lemon gwangwani guda ɗaya yana da kusan 140. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai kalori 7,700. Ka ga kenan abin da ka zubar da gumi a kai da safe, za ka iya mayar da shi cikin minti biyu a tsaye. Ga shi kuma wanda ya fara motsa jiki yakan ƙara loma ba tare da ya lura ba, ya kuma ƙara kishingiɗa da rana don yana ganin ya riga ya biya bashi. Saboda haka in rage nauyi zalla kake so, yawancin aikin a faranti yake.

Amma ina da tambayoyi. Kafin ka fara, ka auna hawan jininka? Suga fa? Ka taɓa zagaya ƙugunka da tef ɗin tela? Ka ƙirga bugun zuciyarka da safe kafin ka sauko daga gado? Sikeli yana haɗa ruwa da ƙashi da tsoka da kitse da abincin da ke cikinka ya ba ka lamba ɗaya. Kitsen da ya fi haɗari shi ne wanda ke lulluɓe da hanji da hanta, kuma shi yana raguwa da motsa jiki ko da nauyin bai sauka ba. Masu hawan jini kuma, in suka dage, lambar sama ta awon hawan jinin takan sauka da kamar 5 zuwa 8. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya yi kusa da aikin ƙwayar magani guda.

Abban Hanan:
Anti, ban auna ko ɗaya ba. Sai dai bel ɗina ya matsa da huji ɗaya, kuma benen wurin aikinmu da nake tsayawa a tsakiya in yi kamar ina duba waya don kar a ga hakina, yanzu ina haye shi kai tsaye.

Anti Nas:
To ai ga ribar nan a hannunka, kana nemanta a ƙarƙashin ƙafa.

Sarkin Musu:
Ni fa duk wannan surutun ina ganin kasuwa ce. A sayar maka da takalmi, a sayar maka da agogo mai ƙirga taku, a ce sai ka yi taku 10,000 kullum ko ka mutu. Wa ya auna ya ce 10,000? Me ya sa ba 9,000 ba? Na san tsofaffin da ba su taɓa sa takalmin gudu ba, sun haura tamanin da ƙarfinsu. Na kuma san wanda ba ya fashin atisaye, ya yanke jiki ya faɗi bai cika hamsin ba.

Malam Mai Bincike:
Sarkin Musu, yau kam ka faɗi daidai a rabin maganarka. Taku 10,000 daga talla ya samo asali. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, bayan wasannin Olympics na Tokyo, ya yi tallarta da wannan lamba, lambar ta yi daɗin faɗa, ta bi duniya. Da aka zo aka auna da gaske, abin ya fi haka sauƙi. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta fitar da sakamakon bin diddigin mata tsofaffi sama da 16,000. Masu yin taku wajen 4,400 a rana, mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa sosai da na masu yin 2,700. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita.

Rabin da ka kauce shi ne na tsofaffin nan. Ba su sa takalmin gudu ba, gaskiya ne, amma yaushe suka zauna? Rayuwarsu gaba ɗaya a tsaye suka yi ta. Mu ne muka koma daga gado zuwa kujerar mota, daga kujerar mota zuwa ta ofis, daga nan zuwa ta falo.

Kuma ilimin nan bai fara daga masu sayar da takalma ba, daga motar haya ya fara. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin manyan bas-bas masu bene na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa da sauka, matakala 500 zuwa 750 a rana, yana karɓar kuɗin mota. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kashe su. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya ga abu ɗaya: masu yawon raba wasiƙu sun fi na zaune a kan tebur lafiyar zuciya. Shi kansa Morris ɗin bai bar motsa jiki ba, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Sarkin Musu:
Malam, a hankali. Wa ya ce zaman ne ya jawo musu? Wataƙila masu ƙiba ne dama suke zaɓar kujerar direba, sirara kuma su zaɓi hawa bene. Ka ga kenan ba aikin ne ya bambanta su ba, da bambancinsu suka zo.

Malam Mai Bincike:
Wallahi ka iya musu, kuma wannan tambayar an yi wa Morris ita tun a lokacin. Har ma'aunin wandunan yunifom ɗin ma'aikatan ya je ya tono, ya ga lallai direbobi sun fi faɗin ƙugu tun suna samari. Amma da aka kwatanta masu jiki iri ɗaya, kwandasta ya ci gaba da fin direba tsira.

In kana son hujjar da ba ta da wannan ƙofar, ga wani gwaji da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. An ɗauki mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, ba wanda ya zaɓi ɓangarensa. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu ƙwayar da ba magani a ciki, wasu kuma aka ɗora su a kan motsa jiki na minti 150 a mako da gyaran cin abinci, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Bayan kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31 cikin 100. Tafiya da gyaran ci sun rage shi da kashi 58.

Oga Direba:
Malam, tun da ka ambaci direbobi na ajiye abin da nake yi. Ni babbar mota nake ja, wani lokaci in wuni in kwana a kan sitiyari. In na sauko ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar ba nawa ba. An ce min sugana yana bakin iyaka. Wanda ya tuƙa mota awa goma, wane ƙarfi ya rage masa na gudu?

Anti Nas:
Oga, ba wanda ya ce ka yi gudu. Gajiyar sitiyari ta ido ce da ƙwaƙwalwa da baya, cinyoyinka kuwa ba su yi aikin komai ba, kuma su ne manyan masu shan suga a jikinka. Tsoka in tana aiki tana janye suga daga jini da kanta, ko insulin, wato sinadarin jiki da ke kwashe suga daga jini, bai yi wani kataɓus ba. Bayan an gama kuma, jiki yakan ci gaba da jin maganar insulin har kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake ce wa masu suga kar su haɗa fiye da kwana biyu a jere ba su motsa ba: amfanin ba ya ajiyuwa, sabunta shi ake yi.

Abin da za ka yi: duk inda ka tsaya cin abinci, kar ka koma kujera nan take. Yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar, ko da zagaya motar ne, dama kana duba tayoyi. Lokacin ne suga ke hawa, lokacin ne kuma tafiyar ta fi amfani. In ana lodi ko kana jiran layi, ka dafa jikin mota ka yi ta ɗaga dugaduganka kana saukewa, wannan yana kora jinin da ya taru a ƙafa. Amma kumburin nan, musamman in ƙafa ɗaya ce ta kumbura tana zafi, kar ka yi wasa da shi, ka je asibiti a ranar.

Maman Walid:
Ni matsalata lokaci ne. Daga ido ya buɗe: wanka, shirin makaranta, girki, wanki, ga nawa aikin. Da dare in na zauna ko sunana ba na son a kira. In an ce minti 150 sai in ji kamar da wasu ake. Kuma tsakani da Allah, duk wannan kai-kawon da nake yi ba motsa jiki ba ne?

Anti Nas:
Maman Walid, wani ya shiga lissafi, wani bai shiga ba. Ga yadda za ki gane: in kina aikin numfashinki ya ɗaga, kina iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, to ya shiga. Goge ƙasa da ƙarfi, hawa bene da yaro a hannu, ɗaukar bokitin ruwa, duk sun shiga. Tsayuwa a gaban tukunya tana gajiyarwa amma ba ta sa zuciya aiki.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jagoranta na 2020 shi ne babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Da ana cewa sai an yi minti goma a jere kafin a ƙirga. Sun cire wannan sharaɗin, yanzu minti uku ma lissafi ne. In kika raba 150 gida bakwai, bai wuce minti 22 a rana ba. Kuma ba ke kaɗai ba ce: ƙididdigarsu ta 2022 ta nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa cika wannan adadi, mata kashi 34, maza 29.

Malam Mai Bincike:
Ƙari a kan na Anti: ko rabin adadin ma ba asara ba ne. A Taiwan an bi mutum sama da 400,000, aka wallafa a 2011. Masu yin minti 15 kacal a rana, haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 14 cikin 100, an kuma ƙiyasta musu ƙarin shekara uku a kan waɗanda ba sa yin komai. Riba mafi tsoka tana wajen wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan.

Baba Dattijo:
Yarana, ina ta karanta ku, bari in sa baki a kan tambaya ta biyu, don na ga kun bar ta a baya kun bi lambobi. Duk abin da Malam ya kawo gaskiya ne, amma ban taɓa ganin wanda lamba ta tashe shi da asuba ba. Kowa ya san taba tana kisa, masu sha sun daina? Tsoron ciwon da zai zo bayan shekara ashirin ba ya kayar da daɗin bargo na yanzu.

Ni tun da na ajiye aiki nake tattaki, kuma abin da ya riƙe ni mutum ne. Akwai wani abokina, sa'ana, kullum shi ke biyo min. Ba ya buga ƙofa, sai dai in ji ya yi gyaran murya a waje yana buga sandarsa a ƙasa. Ranar da ba na so, sai in tuna tsoho yana tsaye cikin sanyi saboda ni, kunya ta tashe ni. Shi ma ya ce haka yake ji, don ya san ina jira. A hanya mu yi hira, mu yi gardama, wani lokaci mu dawo ba ma shiri da juna, gobe kuma ya sake zuwa.

Na biyu, ladan da nake karɓa a ranar nake karɓarsa. Ranar da na fita ina barci da wuri, cikina ba ya ɗaurewa, ba na faɗan banza da mutanen gida. Abban Hanan, kai ka sa wa kanka ladan da sai bayan watanni za a biya, shi ya sa ka gaji da jira. Nemi wanda ake biya kafin rana ta faɗi.

Ɗan Ƙarfe:
Baba, da girmanku, amma ranar da abokin naku ya yi tafiya fa? Wanda ya rataya himmarsa a wuyan wani, in wancan ya faɗi tare za su faɗi. Dole mutum ya iya tilasta kansa.

Baba Dattijo:
Ɗana, in ya yi tafiya ina fita ni kaɗai, don ƙafar ta riga ta saba. Amma da farko ba ta saba ba, shi ya saba mata. Kai ma ka duba da kyau, a wurin ƙarfen naku ba ku da abokai? Ba wanda ke tsaya maka a kai yana cewa saura ɗaya? Ba madubi? Kana son abin ne, shi ya sa kake ganin kamar ƙarfin hali ne ya kai ka.

Ɗan Ƙarfe:
Madubin kam akwai shi, Baba.

Malam Mai Bincike:
Maganar sabo da Baba ya yi, an gwada ta. Wata mai bincike a Landan, Phillippa Lally, ta bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki sabuwar ɗabi'a yana yi kullum a lokaci ɗaya. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma wasu 18 ya ishe su, wasu an ƙiyasta sai 254. Abin da ya fi burge ni a ciki: tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Mutane da yawa ba fashin ne ke kayar da su ba, cewar da suke yi “tunda na ɓata, sai Litinin” ce, Litinin ɗin kuma ta koma wata mai zuwa.

Sarkin Musu:
To gwiwa fa? Kowa ya san gudu yana cinye gwiwa. Ku tura Baba titi, gobe a kawo shi a keken guragu.

Anti Nas:
Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Da aka tattara bincike da dama a 2017, amosanin gwiwa da ƙugu ya kama kashi 3.5 cikin 100 na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 na masu zaman dirshan, sai 'yan gasa masu wuce gona da iri kashi 13.3. Guringuntsin gwiwa ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan gaɓa yake samun abincinsa, kuma motsi ne ke tura ruwan ciki da waje. Abin da ke lalata gwiwa shi ne tsohon rauni, da nauyin jiki, da mutum ya kwana shekara goma a kujera ya tashi yana son ya rama a sati ɗaya.

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye ba ciwo ba ne, yana wucewa. Wanda ba a wasa da shi: nauyi ko zafi a ƙirji, musamman in ya tafi hannu ko muƙamuƙi, jiri, numfashi ya sarƙe fiye da aikin da ake yi, ko zuciya ta riƙa tsalle. A tsaya, a ga likita. Mai ciwon zuciya da mai allurar insulin su yi magana da likitansu kafin su fara, don suga yana iya faɗuwa ƙasa a tsakiyar hanya.

Baba, ku kuma a nan Ɗan Ƙarfe yana da gaskiya: tattaki kaɗai bai ishe ku ba. Daga shekara 30 tsoka take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Wannan ne ke kai tsoho ga kasa tashi daga zaune, daga nan faɗuwa, daga nan karayar ƙugu. Waɗanda suka kai 65 ana so su ƙara da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa kwana uku a mako.

Baba Dattijo:
'Yata, a shekaruna zan fara ɗaga ƙarfe? Ai sai jikoki su yi min dariya.

Malam Mai Bincike:
Baba, ku yara ne a kan waɗanda aka gwada. A 1990 likita Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, 'yan shekara 86 zuwa 96, suna ɗaga nauyi da ƙafa. Cikin mako takwas ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici.

Ɗan Ƙarfe:
Baba ba sai kun taɓa ƙarfe ba ma. Ku samu kujera mai ƙwari ku jingina ta da bango. Ku zauna a bakinta, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, hannu a harɗe a ƙirji. Ku miƙe ba tare da kun dafa komai ba, sannan ku koma a hankali kuna ƙirga uku kafin ku taɓa kujerar, kar ku saki jiki ku faɗa. Sau takwas zuwa goma, ku huta, ku sake. Saukar ce ke gina cinya fiye da tashin. In ya yi wuya, ku ɗora matashi a kai don ta ƙara tudu. Bayan haka ku dafa bango ku tsaya da ƙafa ɗaya, ku canza.

Oga Direba:
Wannan na kujerar ni ma zan iya a bakin mota. Amma Malam, in mako ya cushe min, na tara duka na yi a kwana biyun da nake gida, ya yi ko bai yi ba?

Malam Mai Bincike:
Ya yi, Oga. An duba mutum sama da 63,000 a Ingila da Sikotland, aka ga masu cika adadinsu a zama ɗaya ko biyu a mako sun samu raguwar haɗarin mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100, dab da na masu rarrabawa. Sai dai kai da ake maganar suga, kar ka bar tafiyar bayan cin abincin nan da Anti ta ce, don wancan na kwana biyun ba zai kai ka ƙarshen mako ba.

Maman Walid:
Anti Nas, ƙanwata tana da juna biyu, wata na biyar, surukarta ta hana ta ko shara, wai kar cikin ya taɓu. Ita ma minti 150 ɗin ne, ko nata daban?

Anti Nas:
In cikin lafiyayye ne kuma ba a hana ta a wurin awo ba, 150 ɗin ne, tafiya a hankali zuwa matsakaici, kuma yana rage haɗarin sugan masu ciki. Ta guji abin da zai iya kayar da ita ko ya bugi cikin, da zafin rana, ta riƙa shan ruwa. In ta ga jini, ko ruwa ya zubo, ko mara ta riƙa murɗawa, ta tsaya ta tafi asibiti. Ranar awo na gaba ta tafi da surukar, a faɗa a gabanta.